Kwana Uku a Santa Barbara

Rumasa'u ta ce, "Baba, hutu za ka yi,
ka bar lissafin taki a Kadawa."
Ta roƙi kwana uku a asibitinsu,
ta ɗaure ni a gaban mota kamar tulun da ake tsoron ya fashe,
muka bi gefen ruwa har Santa Barbara.

Ni da na san ruwa a kwata,
a buɗe masa da fartanya, a toshe shi da dunduniya,
yau ga ruwan da ba shi da mai buɗewa.
Na tsoma yatsa, na kai baki. Gishiri.
Duk yawan nan, ba zai raya fangalin albasa ɗaya ba.

Akwai gadar katako da ta shiga teku,
ta yi nisa ta tsaya, ba ta kai kowa ko'ina ba.
A je ƙarshenta, a ci kifi, a dawo.
Kwasakwasa uku na zaune a kan turaku
kamar dattawan da aka kawo wa rikicin iyakar gona,
suna jiran shaidu.

Da asuba na nemi gabas, waya ta nuna arewa.
Na fuskanci duwatsu, na ba teku baya,
ya tsaya yana haki kamar mamun da ya makara.

Rana ta biyu muka haura dutse har kunnena ya toshe,
muka gangara kwarin Santa Ynez.
A nan zuciyata ta sami tabarma.
An yi wa tuddai kitso, layi bayan layi,
inabi ya rataye hannuwa a kan waya,
siririn tiyo na ɗiga a kowane gindi,
ɗis, ɗis,
kamar marowaci na biyan bashi.

A zauren baƙi wata Lorraine, sunanta manne a ƙirji,
ta jera kofuna masu dogon wuya.
Mutane su kaɗa jan ruwan, su shinshina, su lumshe ido,
su kurɓa, wasu su tofar a bokiti.
Na ce, "Ashe su ma ba su yarda da ita ba?"
Rumasa'u ta cusa dariya a mayafi,
ta gaya wa matar ba ma shan giya.
Ba ta ɓata rai ba. Ta kawo ruwan sanyi
da nonon inabi guda a faranti.

Na sulale waje.
Can tsakiyar layi wani na durƙushe da 'yar wuƙa mai lanƙwasa,
malafarsa ta sha zufa har ta yi kanwa.
Ya bugi ƙirji: "Eusebio." Na bugi nawa: "Ɗanjuma."
Ba Turancin kirki a bakina, babu a nasa.
Sai na hango tabo a gindin itacen,
kumburin da aure ke bari.
Na shafa, na haɗa yatsu biyu.
Ya yi tsalle kamar ya tsinci ɗan garinsu a tasha!
Ya gwada mini yadda yake tsaga nasa,
na gwada masa yadda nake aurar da mangwaro,
ya gyara mini riƙon wuƙa, na gyara masa ɗaurin leda.
Muka murza ƙasa a tafi, muka yi tsaki tare,
don ƙishinta bai buƙaci tafinta ba.

Ya yanko mini reshe kamar tsawon alƙalami.
Rumasa'u ta ce ba za a bar ni in hau jirgi da shi ba.
Na mayar masa. Ya soke shi a malafa.

Da dare muka dawo bakin ruwa,
fitilun masu haƙar mai na kyaftawa can tsakiyar duhu.
Ta ce, "Baba, me ya fi burge ka?"
Na ce teku, don ita ta biya kuɗin ɗakin da ke kallonsa.
Amma yatsuna na ta mannewa da zaƙin inabi,
kuma ban yi saurin wanke su ba.